Ciwon Baƙo da Ciwon Ɗan Gida

A daminar bara, cikin mako guda, mutum biyu suka kwanta a gidanmu na gado da ke wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina. Ta farko 'yar ƙanena ce, shekararta 4. Zazzaɓi ya rufe ta cikin dare har tana sambatu. Na biyu Baffa ne, ƙanen mahaifinmu, mai shekara 63. Ya tashi zai yi alwalar asuba, buta ta suɓuce masa, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, baki ya karkace. Ita yarinyar an ɗiga jininta a ɗan abin gwajin nan na roba, layi biyu suka fito, aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3, safe da yamma. Ranar ta biyar tana tsakar gida tana 'yar gala-gala. Baffa kuwa har yau da sanda yake zuwa masallaci, yana jan ƙafa.

Wata 8 kafin wannan asubar an auna Baffa an ce jininsa ya hau, an rubuta masa magani. Ya sha kwali ɗaya, ciwon kan da ya kai shi asibiti ya tafi, sai ya jefa katin a aljihun babbar riga. Da na yi masa magana cewa ya yi, "Kai ɗan nan, garau nike. Mai lafiya mi zai yi da magani?" Ita ma uwar yarinyar, a rana ta biyu da jikin 'yarta ya yi sanyi, ƙulle sauran ƙwayoyin ta yi a leda, wai a ajiye saboda gaba, sai da aka yi da gaske ta fito da su. Ciwo biyu mabambanta, amma hujja ɗaya: an ji sauƙi.

Likitoci sun raba cututtuka gida biyu, kuma ni a wurina hanya mafi sauƙi ta riƙe rabon ita ce baƙo da ɗan gida. Ciwon baƙo shi ne wanda wata halitta ce daga waje ta shigo jiki ta hayayyafa: ƙwayar cuta da sauro ya ɗauko, ko wadda ta biyo ruwan sha, ko tarin wani, ko aska. A nan ne ake samun zazzaɓin cizon sauro, kwalara, taifot, ƙyanda, sanƙarau, mashaƙo da tarin fuka. Ciwon ɗan gida kuwa ba daga jikin kowa aka ɗauko shi ba, jikin ne da kansa wani aikinsa ya gurɓata a hankali: hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, asma, amosanin jini da yawancin nau'o'in daji. Baƙo ana korarsa ya tafi. Ɗan gida ba ya koruwa, sai dai a san yadda za a zauna da shi bai rusa gidan ba.

Mu fara da baƙon da ya fi kowa sabo da mu. Macen sauron da ake kira anofilis ita ke cizo tsakanin magariba da asuba, ta zuba ƙwayar cutar a jini. Ƙwayar ba ta tsayawa, hanta take wucewa ta ɓuya kamar mako guda ko fiye tana hayayyafa, mutum yana harkarsa bai san komai ba. Daga nan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Fashewar nan ce ke kawo rawar sanyi da zafin jiki, ita ce kuma ke sa ka ga tafin hannun yaro ya yi fari fat har a ce sai an yi masa ƙarin jini. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su suka fi mutuwa.

Dalilin da ya sa maganin yake kwana 3, sau 6, shi ne shan farko da na biyu suna kashe mafi yawan ƙwayoyin, zafin jiki ya sauka, amma akwai ragowa. Ragowar nan su ne masu taurin kai. In aka tsaya a nan, su za su farfaɗo, kuma su sauro zai kwasa ya kai wa maƙwabci. Manyanmu sun san kulorokwin, sun san ƙaiƙayinsa. Magani ne mai arha da ya yi aiki shekaru da yawa har ƙwayar cutar ta saba da shi, dole ta sa Najeriya ta sauya zuwa maganin haɗi na yanzu a 2005. Shi ma wannan an fara ganin alamun ƙwayar na yi masa turjiya a ƙasashe irin su Ruwanda da Yuganda.

A nan sai na ɗan karkata zuwa kemis. Kowa ya san yadda ake yi: mutum ya shigo yana dafe da kai ya ce, "A haɗa min na maleriya da taifot, na dubu ɗaya." A ɓare masa ja biyu, fari uku, kafso ɗaya, a ƙulle. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, gwajin kuma minti 15 zuwa 20 ne. Shi ma gwajin taifot ɗin nan na Widal da aka fi yi, sau da yawa yakan nuna akwai alhali babu. Sakamakonsa shi ne ana ta ɗura wa mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, ranar da ainihin taifot ɗin ya zo sai a tarar maganin ya daina ci.

Rigakafin zazzaɓin nan ba ɓoyayye ba ne. Gidan sauro mai magani, a kwana cikinsa, ba a kewaye lambun tumatir da shi ba. Kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ne ɗakin haihuwar sauro, kuma a zafi irin namu kwana 10 ya ishi ƙwai ya zama sauro mai cizo. Sai kuma maganin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa kusan shekara 5, sau ɗaya duk wata a tsawon damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012 domin ƙasashen Sahel, inda zazzaɓin ke taruwa a 'yan watanni, kuma Katsina na cikin jihohin da aka fara shi a Najeriya. Shi ma na kwana 3 ne kowane zagaye. Masu rabawa na farko kawai suke bayarwa a gabansu, sauran biyun amana ce a hannun uwa.

Kwalara ba ta ba da wannan lokacin. Gudawa ce kamar ruwan wankin shinkafa, tana iya tsotse babban mutum cikin sa'o'i. A 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Katsina kuma na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Hanyarta ɗaya ce tal, duk da ba ta da daɗin faɗa: bayan gidan mai cutar ya kai bakin mai lafiya. Ruwan sama ya wanko fili ya zuba a rijiyar da ba ta da baki, ko shadda ta yi kusa da rijiya, ko jarkar ɗan garuwa da ba a taɓa wankewa ba, ko hannun da ya yi wa yaro tsarki ya koma dama fura ba sabulu. Abin da ke kisa rashin ruwa ne a jiki, don haka kafin a isa asibiti a fara ba da ruwan gishiri da suga. In babu na leda, lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko yana amai a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan.

Sanƙarau kuwa baƙon rani ne. Daga hunturu zuwa bazara ƙura da bushewar iska suna tsattsage maƙogwaro, ƙwayar cutar da mutane da yawa ke ɗauke da ita lafiya lau ta samu ƙofa ta shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Muna tsakiyar zirin ƙasashen da ake kira yankin sanƙarau, daga Senegal har Habasha. Wanda ya yi wayo a 1996 ba zai manta ba: fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka mutu. A 2017 wani nau'in ya sake ɓarkewa a Zamfara, Sakkwato da Katsina. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 a lokaci guda. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura: wannan ba na jira a ga safiya ba ne. Waɗanda suka tsira ma wasunsu da kurumta suke tashi.

Ba zan yi kamar ban san inda tsoron allura ya samo asali ba. A cikin annobar 1996 ɗin ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun ga kuɗin gudun. Da aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin arewa a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka dawo aka dage, sarakuna da malamai suka shigo, 2016 ce shekarar ƙarshe da aka ga asalin ƙwayar a Najeriya, a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Mashaƙon da ya dawo a 2023 kuwa, mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala allurar da ake yi a mako 6 da 10 da 14 ba. Ita allura ba ta ɗanka kaɗai ba ce. Ƙyanda sai kusan yara 95 cikin 100 sun samu rigakafi take rasa hanyar yawo a unguwa, ta haka jaririn da bai kai wata 9 ba yake tsira a inuwar 'ya'yan maƙwabta. Masu cewa ai komai ƙaddara ne, su tuna Sayyidina Umar da ya ji annoba ta sauka a Sham ya juya da jama'arsa, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

To, ɗan gida fa? Shi matsalarsa ba ya sallama. Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuma tiyo. In ƙarfin turin ya yi yawa shekara da shekaru, bangon tiyon yakan yi tauri ya ƙuntace, wata rana ya toshe ko ya fashe. In a ƙwaƙwalwa abin ya faru, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda har yanzu a gidaje da yawa ake cewa iska ce ta buge mutum a banɗaki. In a ƙoda ne, 'yan siraran matatanta su lalace ɗaya bayan ɗaya. Ita zuciyar ma ta kumbura ta gaji. Duk wannan yana gudana yawanci ba ciwon kai, ba jiri. Wanda ke jiran jikinsa ya gaya masa jininsa ya hau, sau da yawa saƙon farko da zai samu shi ne na Baffa. Ma'aunin shi ne lamba: in ana samun 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, hawan jini ne, ko mutum yana iya ɗaukar buhun gero.

Maganin hawan jini ba ya kashe komai, domin babu ƙwayar da za a kashe. Riƙe jinin yake yi na kwana ɗaya, gobe sai an sake. In an auna an ga lamba ta yi kyau, wannan shaida ce magani na aiki, ba shaidar an warke ba. Nan ne masu lasifika a bakin kasuwa ke cin kasuwarsu, da jarkar da ke "wanke" hawan jini da suga da basir da sanyi cikin kwana 7. Jama'a na saye ne don alƙawarin ya yi daidai da abin da muka saba da shi a ciwon baƙo: a sha, a warke, a manta.

Gishiri kuwa sai an yi magana da masu tukunya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini shi ne giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye. Dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne. A jefa 5 a miya, a ƙara gishiri, a kawo yaji mai magi a barbaɗa, da yamma a ci taliyar leda da ɗan ƙullin sinadarinta. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a wajen jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma mai jegon da ƙafarta ke kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ba ƙarin kanwa take bukata ba, asibiti take bukata.

Ciwon suga labarinsa ya fi kama da sauyin rayuwarmu. Akwai wani sinadari, insulin, da wata gaɓa a bayan tumbi ke fitarwa, shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, suga ya taru a jini yana cin jijiyoyin ido, ƙoda da ƙafa. Kakanninmu tuwon gero da dawa suke ci da dusarsa, su tafi gona a ƙafa. Mu kuma farar shinkafa, burodi, shayi mai cokali 4, lemon kwalba a kowane biki, kuma daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura sai a babur. Akwai gado a ciki, shi ya sa siriri ma yana kamuwa, akwai kuma nau'in da ke kama yara wanda ba ruwansa da abinci, sai allurar insulin. Alamun su ne yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa, rama ba dalili, gyambon da ya ƙi warkewa. In an auna da safe kafin a karya aka samu 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita aka sake samu, to shi ne. Mai suga yana da wata dama da ba kowa ke lura da ita ba: sau 5 a yini yana wanke ƙafa. Ya duba tsakanin yatsu da tafin ƙafa kowace alwala, domin jijiyar jin zafi takan mutu, ƙaya ta shiga bai sani ba, daga nan ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Waɗannan biyun, hawan jini da suga, su ne manyan masu kai mutane ɗakin wankin ƙoda, inda ake kwanciya kan inji sa'a 4, sau 2 ko 3 a mako, da kuɗin da ke cinye gona da gida. Ana taimaka wa cututtukan biyu wajen wannan ɓarna da maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da 'yan aikin ƙarfi ke sha kullum kamar goro, da "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda wani nau'insa ke tada suga da jini tare.

Sai dai katangar da ke tsakanin baƙo da ɗan gida ba ta kai yadda na zana ta tsawo ba, kuma nan ne abin ya fi ban sha'awa. Akwai baƙon da ke zuwa ya share wuri ya zauna. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana shiga ta jini: wajen haihuwa, ko askar wanzami ɗaya da ta bi kai goma, ko rezar mai yankan farce, ko ƙaho. Babba in ya kamu yawanci jikinsa na korar ta. Jariri kuwa, 9 cikin 10 da ita za su girma, ba alama, sai a shekara 30 ko 40 ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce sammu ne, alhali hanta ce ta ƙone ko ta yi daji. In aka haɗa da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu, haɗarin ya ninka. Allurar da ke tare wannan ana son a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa, mu kuwa mai jego da jariri ba sa fita sai an yi suna. Ciwon maƙogwaron yaro da aka raina yana iya komawa ya lalata ƙofofin zuciya. Tsargiya, fitsarin jinin da yaran da ke wanka a madatsun ruwa irin su Zobe da Jibiya ke yi, wanda wasu ke ɗauka alamar balaga ce, in ta daɗe tana iya kaiwa ga dajin mafitsara. Dajin bakin mahaifa ma ƙwayar cuta ce sanadinsa, shi ya sa tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurarsa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, da ɗan gari akan ci gari. Mai ciwon suga ya ninka mai lafiya kusan sau 3 wajen kamuwa da tarin fuka. Yaron da tamowa ta kama, ƙyandar da wani zai tashi daga ita shi kwantar da shi take yi. Mai amosanin jini zazzaɓi kaɗan ke tada masa ciwon ƙashi. Shi amosanin ma rigakafinsa kafin ɗaurin aure yake: in namiji AS ne mace AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba, don haka ana iya jera uku. Tarin fuka kuwa shi ne ya fi kowa fallasa ɗabi'armu ta "na ji sauƙi". Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, na wata 6 ne, amma cikin 'yan makonni tari ke lafawa, nama ya fara dawowa. Wanda ya tsaya a nan yana iya dawowa da nau'in da ba ya jin maganin farko, ya kuma raba wa waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya. Duk tarin da ya kai mako 2 a kai majina a gwada.

Bayan an sallamo Baffa, mu 'ya'yan gidan muka yi karo-karo muka sayi na'urar awon jini ta batir, muka ajiye a ɗakin Gwaggo. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin a kawo fura, duk wanda ya haura 30 sai ya zauna minti 5 ya miƙa hannu, ƙaramar ƙanwarmu ta rubuta a littafin makaranta mai layi. A watan farko mutum uku suka fito waɗanda ba su taɓa zargin komai ba. Gwaggo ce ta ɗaya, ta ce na'urar ce ba ta da kunya. Na uku ni ne, 148 bisa 94, mako uku a jere. Yanzu ƙwayata tana kan taga kusa da asuwaki, Baffa kuma in ya gan ni da asuba kafin ya amsa gaisuwa sai ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ka sha?"